Matar Alhaji Mai Kamiyo

Jiya wajen sunan ɗan ƙanena a nan Gaya, maroƙi ya ɗaga murya: "Ga matar Alhaji mai kamiyo!"

Gwaggo Ramatu yake nufi. Matar da ta gama jami'a tun ba a haife ni ba, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana yi wa shanun garin Tunuga allura.

Na ja shi gefe: "Baba, likitar dabbobi ce fa."

Ya ce, "Na sani, ɗiyata, ita ta ceci garkenmu. Amma ga Alhaji zaune, kuma shi ko firamare bai yi ba. So kike in kunyata shi?"

Gwaggo ta ji mu. Mayafinta kawai ta gyara, ta saba.

Ku gaya mini, a gidanku karatun wa aka binne don kada miji ya ji kunya?