Idon Kawu a Saman Iskandariya

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Hadayek el-Maadi, ni da Kawu, ko shayi ba mu tsaya sha ba don kar jirgin ƙasan ƙarfe shida ya bar mu. Ranar Juma'a ce, titi fayau, sai masu gasa burodi da karnukan unguwa. Kawu na gaba da sabon takalminsa da baƙin gilashi tun gari bai waye ba, ni ina baya da ledar magani ina ta cewa ya bi a hankali.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Kawu yayan mamata ne, tsohon direban tirela, shekara da shekaru yana Kano zuwa Legas. Idonsa na hagu ya mutu tun ina ƙarama. Na daman ne ya rage masa, shi ma bara ya fara rufewa, shi ne aka kawo shi nan Alƙahira aka yi masa aiki a wani asibiti a Dokki sati uku da suka wuce. Tunda ni ce nake karatu a nan, ni ce idonsa ni ce bakinsa. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, don haka Uwata yake ce min.

Da gani ya dawo, babban ɗansa da ke Abuja murna ta kwashe shi, ya biya mana helikwafta, mu biyu kawai, minti talatin a saman Iskandariya. Dalili kuwa, Kawu ya sha faɗa cewa ya ga teku sau babu adadi daga gefen titi a Legas, amma bai taɓa ganin faɗinsa ba. Kwana uku kafin tafiyar kamfanin ya turo min fom a waya. Da na zo wajen tambayoyin lafiya na ɗaga kai na ce, "Kawu, suna tambaya ko akwai wata rashin lafiya."

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Ni kuma na bi layi ina danna a'a, a'a, a'a har ƙasa, ban karanta ko ɗaya ba. Ku riƙe wannan, nan abin ya samo asali.

Jirgin ƙasa ya tashi daga tashar Ramsis a kan lokaci. Na saya mana sanwicin ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosansu, a bakin tasha, shayin cikin jirgi kuma kuɗinsa ya kusa ninka na unguwarmu, ga shi rabin kofin sukari ne. Kawu ya zauna ta taga. Wallahi kamar yaro. Duk abin da ya gani sai ya faɗa da baki: ga ɓauna a gona, ga wata mata da tukunya a ka, ga wasu gine-ginen laka masu tsini da ramuka, na ce masa ɗakunan tattabaru ne, ya ce lallai mutanen nan sun san daɗi. Wani dattijo Bamisire da ke kusa da mu ya miƙo masa lemo, suka shiga hira, wannan na Hausa wancan na Larabci, kuma kowa na dariya a inda ya dace.

Muna wuce garin Banha saƙo ya shigo daga kamfanin. Tunatarwa ce: ku zo da fasfo, ku zo da wuri, ga kwafin fom ɗin da kuka cike. Don ba ni da abin yi na buɗe na fara karantawa. Layi na bakwai: an yi wa fasinja aikin ido cikin wata biyu da suka wuce? A gabansa ga amsata, a'a.

Na ce to mene ne haɗin ido da jirgi? Na shiga bincike a waya, kuma da ban shiga ba da na ci sanwicina cikin kwanciyar hankali. Ashe irin aikin da ake yi a can bayan ido, wani lokaci iska likita ke hurawa a ciki ta danne wurin har ya warke, wani lokaci kuma wani irin mai yake zubawa. In mai ne, babu matsala. In iska ce kuma mutum ya yi sama, tana kumbura a cikin idon, tana iya kashe shi gaba ɗaya. Na karanta sau uku. Na dubi Kawu, mai ido ɗaya tak, yana ƙirga bishiyoyin dabino.

Ban san wanne aka yi masa ba. Ranar aikin ina da jarrabawa, ƙawata da muke ɗaki ɗaya, 'yar Maraɗi, ita ta raka shi. Takardun asibitin kuma na bar su a kan firij. Na kira ta, waya a kashe, don ranar Juma'a in ta yi sallar asuba ta koma barci ko gobara ba ta tashinta. Na kira asibiti, ba a ɗauka ba. Na tura wa likitan saƙo a lambar da ya ba mu, alama ɗaya ta fito ta tsaya.

Na matso na ce, "Kawu, in ka duba haka, kana ganin wani abu kamar kumfa yana yawo a idon?"

"Lafiya lau nake gani, Uwata."

"Ranar aikin likita bai ce maka kar ka hau jirgin sama ba?"

"Ya yi ta magana dai. Na ce masa na gode."

Daga nan har Iskandariya ban ga komai a hanya ba, sai fuskar wayata. A zauren iyali na waya kuwa an tashi, saƙo sai shigowa yake: mama na cewa a ɗauko mata bidiyo, ɗansa na tambaya ko mun isa, wata gwaggo ta turo addu'ar hawa abin hawa. Ni kaɗai na san abin da ke layi na bakwai.

Mun sauka wajen ƙarfe tara. Iskandariya iskarta daban, ɗanye-ɗanye da ƙanshin gishiri da kifi. Muka shiga tasi ɗin nan nasu baƙi da rawaya, direban ya faɗi kuɗin baƙi, na mayar masa da Larabcin kasuwa, ya yi dariya ya ce khalas, ya rage kusan rabi. Ya bi da mu ta bakin teku. Kawu ya cire gilashi yana kallo, na ce ya mayar, ya mayar, bayan minti ɗaya ya sake cirewa. Filin jirgin yana can wajen gari, ƙaramin wuri, ofis ɗaya da shinge, ga helikwaftan can a tsaye fari da shuɗi, ƙarami kamar a sa shi a aljihu.

Wata mata ce a ofis, mai fara'a. Ta karɓi fasfo, ta ɗora mu a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya tambaye ni me ya sa, na ce jirgin ba ya ɗaukar lodin da ya wuce ƙima, ya ce ai wannan dokar ya san ta, kuma ya sha karya ta. Sai ta turo fom ɗin gabana da biro ta ce in sa hannu, komai tamam?

Jama'a, a gidanmu ba a ce wa babba ba za ka yi abu ba. Kuma ba a faɗin ciwon babba a gaban baƙi yana tsaye. Ga mutum ya sa sabon takalmi, ga dangi kaf suna jiran bidiyo. Na riƙe biron nan, zuciyata na ce min ai ba sama sosai za ku yi ba, ai wataƙila mai ne, sa hannu kawai. Sai na tuna yadda na tarbe shi a filin jirgi wata biyu baya, yana laluben kafaɗata da hannu.

Na ajiye biron na ce mata layi na bakwai ba daidai ba ne, an yi masa aikin ido sati uku da suka wuce, kuma ban san irinsa ba.

Fara'ar ta ɗauke. Ta kira matuƙin, wani siriri mai furfura, ya saurare ni har ƙarshe ya ce ma'alish, mu yi haƙuri, ba zai tashi da shi ba sai da maganar likita. Ya dubi agogo ya ce yana nan har ƙarfe sha biyu, daga nan masallaci zai tafi, bayan Juma'a kuma wasu ne da jirgin.

Kawu ba ya jin Larabci amma ya ji sunan ido, ya kuma ga yatsana ya nuna shi.

"Me kika ce musu?"

Na faɗa masa duka, har da maganar iska da mai.

"Ni na ce miki ba ni da lafiya? An tambaye ni na ce lafiya lau, ke kuma kin zo gaban mutane kina ƙaryata ni?"

"Kawu, ido ɗaya ne."

"Na fi ki sanin guda nawa ne."

Ya ja kujera can gefe ya zauna ya juya min baya, ya ciro carbi. Tunda nake bai taɓa yi min haka ba. Na fita waje na ci gaba da kiran ƙawata. Sai sha ɗaya saura ta ɗauka da muryar barci, na ce ta tashi ta ɗauko takardun kan firij ta turo min hoto yanzu-yanzu. Na tambaye ta abin da likita ya faɗa ranar, ta ce ita dai ta tuna maganar kwanciya ruf da ciki da ɗiga magani, sauran Kawu ya katse shi da godiya. Hoton ya zo. Rubutun likita ne, kamar kaza ta taka tawada. Ni ban iya karantawa ba, matar ofis ba ta iya ba, matuƙin ya juya wayar sama da ƙasa ya miƙo min.

Sha ɗaya da kwata. Sha ɗaya da rabi. Na tura wa likitan saƙon murya, na roƙe shi da duk Larabcin ladabin da na koya a shekara huɗu. Alama ta zama biyu. Na tsaya ina kallonta kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Sha biyu saura ashirin saƙonsa ya shigo, daƙiƙa goma sha ɗaya, ana jin yara na ihu a bayansa. Ya ce mai ya sa, ba iska ba, zai iya hawa, ya bar gilashinsa a fuska kar ya cire. Ya ƙara da cewa da iska ce da yanzu wata maganar ake yi, kuma me ya sa ba a tambaye shi tun farko ba.

Na kunna wa matuƙin. Ya ce yalla, amma minti goma sha biyar kawai ya rage, ba talatin ba. Na je na durƙusa gefen Kawu na faɗa masa. Ya tashi ya gyara hula ya yi gaba.

Ba na son in yi muku ƙarya, ni ban ji daɗin tashin nan ba. Ƙara kamar injin niƙa a cikin kai duk da abin da aka toshe mana kunne da shi, ƙasa ta zame daga ƙarƙashinmu. Duk da maganar likita, idona na kan fuskar Kawu, ina jira in ga ko zai kai hannu wajen idon. Da jirgin ya karkata sai da na damƙe hannun rigarsa.

Sai ga garin ya buɗe. Doguwar hanyar bakin teku ta lanƙwashe kamar lauje, motoci kamar ƙwaro, benaye sun yi sahu suna fuskantar ruwa. Ga wani tsohon sansanin soja na dutse a can ƙarshen tsiri, igiyar ruwa na dukansa tana fari. Ƙananan jiragen masunta ja da kore sun cika lungun ruwan, can nesa kuma manyan jiragen kaya a tsaye suna jiran layi. Ruwan kusa da gaɓa kore ne, gaba kaɗan shuɗi, can gaba ya yi duhu ya haɗe da sama, babu inda za ka ce nan ya ƙare.

Kawu ya ƙura wa ruwan ido. Sai na ji muryarsa a cikin abin kunnen, a hankali: "Uwata, kina gani? Ashe haka yake." Na ga ruwa na gangarowa ta ƙasan gilashin, na firgita na ce idon ne? Ciwo yake? Ya buɗe baki zai ba ni amsar da ya saba, sai ya tsaya. Ya ce, "Ba ya ciwo. Kuka nake, ki bar ni." Bidiyon da mama ke jira daƙiƙa ashirin na ɗauka, rabinsa gwiwata ce.

Muka sauka lafiya. Kawu ya bi matuƙin masallaci, suka dawo suna riƙe da hannun juna. Muka ci sanwicin hantar nan ta Iskandariya mai barkono a wani ɗan shago, muka kama jirgin la'asar. A hanya sai da muka kai garin Ɗanɗa sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kin cinye min minti goma sha biyar." Na ce na sani, Kawu. Ya ce, "Mai sunanki ma haka take, ba ta bari a ji daɗi." Ya miƙo min rabin lemonsa.

Mun iso gida bayan magariba. Mama ta kira ta ce a ba ta yayanta, na sa a lasifika, ta ce, "Yaya, ya jiki?" Ya ce, "Idon dama akwai mai a ciki, yana ɗan yi min nauyi da yamma, gwiwar hagu ma tana taɓa ni. Sauran ki tambayi Uwata." Mama ta sha mamaki, don tunda take ba ta taɓa jin ya amsa wannan tambayar da abin da ya wuce kalma biyu ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne lafiya lau gaisuwa ce, ba a cike fom da ita, kuma ni da na danna a'a sau goma ban karanta ba na fi Kawu laifi. Har yanzu in na tuna biron nan a hannuna sai in ce Allah ya kiyaye, don saura kaɗan in sa hannu. Ku faɗa min gaskiya, da ku ne a gaban matar nan, babbanku na tsaye a gefe da sabon takalmi, za ku iya buɗe baki ku ce ba lafiya lau ba?