Gorar Garinmu

A gidanmu, can wani ƙauye bayan Kazaure, tatsuniya ba kyauta ba ce, sai ka ɓare gyaɗa. Da an ci tuwo bayan magariba, kakarmu Iya Kande za ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta zube wa kowane jika tulinsa, sannan ta gyara zama. Ɓawon da muka tara shi ake zubawa a wutar, don haka in aka sami malalaci kowa ya sha sanyi. Ni ne malalacin. Ban taɓa jin ta kira ni Ɗanjuma ba, sai dai "mijina sarkin barci".

Dokokinta biyu ne. Ba a tatsuniya da rana, wai mai yi ɓata zai yi ya kasa gane hanyar gida. Kuma ba ta farawa sai an amsa mata. Takan ce, "Na ɗauko ta, ina zan sauke?" Mu haɗa baki, "Sauke ta nan, Iya!" In aka yi shiru, ta kama bakinta ke nan, ko da kuka za ka haɗa ta.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta wani saurayi mai saurin ƙafa. Sana'arsa kai labari daga kasuwa zuwa kasuwa, ya faɗi inda aka haihu, inda rijiya ta ƙafe, inda gero ya yi araha. Da sarki ya ji iya bakinsa, sai ya mai da shi manzo, ya aike shi ƙasar da ke bayan babban ruwa. Ya daɗe can har furfura ta fito masa. Da ya dawo, aka damƙa masa wani ɗaki cike da goruna. Kowace gora muryar gari guda ce a ciki. In ka cire marfin sai ka ji dakansu, da kiran sallarsu, da faɗan matansu a bakin rijiya. Rannan kewa ta kama shi, ya lalubo gorar garinsu ya buɗe. Wayam. Iya takan rage murya ta ce, "Wa zai cika ta? Wanda ya kamata ya kawo yana can yana kai labarin wasu."

Daidai nan barci ke sace ni, kullum. Yayata Asabe ta saɓa ni a kafaɗa ta kai ni tabarma. Da safe in bi Iya ina magiya ta ƙarasa mini, ta nuna rana da muciya ta ce, "So kake in ɓata da tsufana?" Har ta rasu ban ji ƙarshen ba.

Yau ga ni a Hyattsville, kusa da Washington a Amurka, a ɗaki biyu na haya, ni da firji mai gurnani. Na ƙare ƙuruciyata ina karanta labaran duniya da Hausa a gidan rediyo, har na yi ritaya. Maiɗakina ta riga ni gidan gaskiya. Ɗanmu yana wata jiha, yana kira ran Lahadi, in yi masa Hausa ya mayar mini da Turanci. Gida kuwa shekarata goma sha ɗaya ban taka ba. Da mahaifiyarmu ta rasu ban je ba, na ce aiki. Tun daga nan kunyar Yaya Asabe ta hana ni ɗaga waya, sai gaisuwar salla a rubuce.

Kwanakin baya wani babban laburare a Washington ya gayyaci tsofaffin baƙi irina su zo a naɗi tatsuniyoyin garuruwansu. Na hau jirgin ƙasa na je. Ma'aikaciyar da ta tare ni, da ta ji tsohon ɗan jarida ne, ta nuna mini hoton wani da ya taɓa shugabantar wurin a zamanin da. A ƙasar Ayilan aka haife shi, aka kawo shi Amurka yana jariri. Ya yi aikin jarida, ya zama jakada a wata ƙasa mai nisa, ya ƙare rayuwarsa cikin littattafai. Na daɗe ina kallonsa. Na ce a raina, to, ga mutumin tatsuniyar Iya nan da kwat. Ban san zuciyarsa ba, amma na so in tambaye shi ko cikin kantocin littattafan nan duka akwai inda ya taɓa jin muryar ƙauyen da aka haife shi.

Aka sa ni wani ɗaki marar taga, ƙarfe biyu na rana. Na tuna dokar Iya, na yi murmushi. Wanda ya riga ya ɓata, me ya rage masa? Na matsa kusa da makirfo na ce, "Na ɗauko ta, ina zan sauke?" Ma'aikaciyar ta ɗaga mini babban yatsa ta bayan gilashi. Shekara talatin ina magana a irin ɗakin nan ba wanda ke amsawa, bai taɓa yi mini ciwo ba sai ran nan. Na daure na ja labarin har gorar da ba kome, na tsaya. Ba ni da sauran.

Na duba agogo. A gida an yi magariba. Na kira Yaya, na ajiye wayar gaban makirfon.

"Ɗanjuma? Lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Yaya. Ina wuni. Na ɗauko ta, ina zan sauke?"

Ina jin kukan akuya da ƙarar kwano a bayanta. Can ta ce, "Sauke ta nan, sarkin barci."

Na gaya mata inda na maƙale. Ta ce, "Ai da ya ga ba kome, sai ya kafa baki ya yi ta zuba magana a ciki. Gora ta ƙi riƙewa, don ba ta riƙe maganar mutum shi kaɗai, sai da mai amsa masa. Shi ne ya rataye ta a kafaɗa, ya ja ƙofa, ya kama hanyar garinsu."

"Ya isa, Yaya?"

"Nan Iya take tsayawa. Mu ma jira muke mu gani."

Da ina yaro na ɗauka labarin gora ne mai abin mamaki. Ashe tsohuwar nan ta ga ƙafata tun ina ɓarar gyaɗa, ta san mai tafiya ne. An ce mini muryata da ta Yaya suna can a laburaren, an ba su lamba, har da akuyar. Na koma Hyattsville na ciro akwatina daga ƙarƙashin gado. Yau kwanansa tara a buɗe a tsakar ɗaki, kuma jiya Yaya ta aiko tana tambaya ko har yanzu ina cin tuwon dawa, don ta san abin da za ta surfa.