Malam Na'Allah, Wanda Ya Tayar da Motar Abokinsa Orshi

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu na Azuba ya san yadda safiyar Malam Na'Allah take. Idan an fito daga sallar asuba ba ya komawa ɗaki. Yakan ɗauko tsintsiyar kwakwa ya share ƙofar gidansa, har ya haɗa da rabin tamu, sannan ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya sha kunun gyaɗar da matarsa Huseina ta dama masa. Yana gamawa sai ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa, ya bi su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, ko da jiya bai taɓa su ba. Daga nan ya zura shuɗiyar rigar aikinsa ya nufi gareji a ƙafa, yana gaisawa da masu buɗe shaguna.

Haka ya yi shekaru fiye da arba'in yana kanikancin manyan motoci a Lafiya. A watan jiya ya ajiye aiki, ya miƙa garejin ga Mahmuda, wanda ya koyi sana'a a hannunsa, yanzu shi ma magidanci ne mai furfura a gemu. Ba a yi taro ba, ba a yanka ko kaza ba. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, shi ya sa na ga bai kamata mutum irin wannan ya koma gida shiru ba.

Direbobi sun san shi da abu biyu. Ba ya kwance inji sai ya fara saurarensa: ya ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfe, ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido. Kuma duk abin da ya cire a motarka, komai lalacewarsa, sai ya ɗaure maka shi a leda ka tafi da abinka, don kada ka yi tunanin an yi maka musanya. Amma aikin da ya sa na ɗauki alƙalami a tsakar gidansa ya yi shi, kuma babu wanda ya sa shi.

Yana da aboki, Orshi, ɗan ƙabilar Tibi, direban wata tsohuwar Bedford mai bodin katako, irin wadda manyanmu ke kira Bilhodi. Tun suna samari suke tare. Orshi ne kaɗai yake yarda ya shiga ƙauyukan da ke can bayan Ashige idan damina ta yi nisa, ya kwaso doya da agushi da riɗi zuwa kasuwar Lafiya. Na'Allah kuwa shi ke lallaɓa motar. Da sallah Orshi na kan tabarmar Na'Allah yana cin naman rago, da Kirsimeti Na'Allah na gidan Orshi gaban sakwara, kuma kazar da za a ci shi ake ba wa ya yanka.

Da Orshi ya rasu bayan gajeriyar jinya, motar ta tsaya a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Injinta dama ya daɗe da gajiya, kayan gyaransa sun ɓace a kasuwa. Tayoyi suka sace, katako ya ruɓe, kaji suka mayar da kujerar direba wurin saka ƙwai. Can ƙauyukan kuma, da ruwa ya sauka sai doya ta yi ta ruɓewa a rumbu, ko manoma su sallama ta ga 'yan sari a wulaƙance, don babu motar da za ta shiga.

Ina zaune a wurinsa wata safiya sai ga Mnena, matar marigayin, ta zo tun kafin ya gama kunu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kira shi da sunan 'yarsa kamar yadda ta saba, ta ce, "Baba Rahmat, masu gwangwan sun zo jiya. Sun ce za su yanka motan, su auna shi a kilo. Ni ba na iya tsaya in ga wannan. Ka zo ka ɗauke shi, na ba ka kyauta. Ko ka ajiye, ko ka yi abin da ka ga dama, amma kar su yanka shi a gabana."

Ya ajiye kofin. Shi ma ya kira ta da sunan babbar 'yarta, ya ce, "Maman Seember, koma gida. Ki ce musu motar tana da mai ita."

Washegari aka jawo ta da tarakta har Azuba. Ƙofar gidan ba ta isa ba, sai da aka rushe ɓangaren katanga aka shigar da ita tsakar gida. Huseina ta fito daga madafa, ta riƙe ƙugu tana kallon wannan kwarangwal da ya cinye mata wurin shanya.

"Malam, a ina zan riƙa shanya rogona?"

"A kan bodin, kafin in cire shi," in ji shi. "Bayan nan kuma Allah zai kawo dabara."

Ta yi dariya ta koma ciki. Daga baya ita ce ta ɗinke kujerun motar da kekenta, da wani kauri-kaurin yadi mai ruwan ƙasa.

Kullum idan ya dawo daga gareji bayan la'asar, sai ya shiga ƙarƙashinta har a kira magariba. Ya sauke bodin, ya kankare tsatsar da ke jikin ƙarfen gindin motar, ya yi walda inda ya tsage. Da ya buɗe tsohon injin ya ga babu abin ceto a ciki, sai ya yanke shawarar da ta sa abokan sana'arsa girgiza kai: zai sa mata injin dizal na zamani, irin na motar Kanta, haɗe da giyarsa. Ya sayar da 'yar motar da yake hawa, ya samo injin ɗan Kwatano mai lafiya. Tun daga ranar ya koma hawa Keke Napep idan tafiya ta yi nisa.

Injin ya zo, amma bai zauna ba. Mazaunin tsohon daban, na sabon daban. Ya kafa ƙarafa uku a tsakar gida ya rataya sarƙa, ya ɗaga injin, ya sauke, ya auna, ya sake ɗagawa. Ya yanka kwali ya fitar da siffar mazaunin da yake so, ya kai wa masu yankan ƙarfe. Farfelar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya ta yi tsawo, aka rage ta, ta zo tana rawa, aka sake. Mutanen layi idan sun wuce sukan leƙo ta inda aka rushe katangar su ce, "Malam, yaya jikin tsohuwa?" Ya amsa daga ƙarƙashi, "Da sauƙi, ta fara cin abinci."

Da aka zo kan wayoyi sai aiki ya tsaya. Sabon injin yana da tarin wayoyi da na'urorin da ba da su aka koya masa aiki ba. Bai ɓoye ba. Ya tashi ya je wurin Mahmuda, a gaban direbobi ya ce, "Ni na koya maka riƙe sifana, yau kai za ka koya mini waya. Ka zo gida ranar Juma'a bayan masallaci." Mahmuda ya faɗa mini cewa kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa ido. Na gan su da idona, tsohon yana zaune a kan bokiti da tabarau a karan hanci, yana tambayar wace waya ce ke zuwa ina, yana maimaitawa har ta zauna masa.

Damina biyu suka wuce a kan motar kafin ranar gwaji. Ya murɗa makulli, ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake, sai ta kama da wata ƙara mai laushi da ba mu taɓa jin Bilhodi ta yi ba. Mata suka rangaɗa guɗa. Muka ɗare bayanta mu da yawa, aka fita titi. Ba mu kai garin Shabu ba tururi ya turnuƙe gaban motar. Lagireton ya yi wa sabon injin kaɗan. Haka muka turo ta gida, gumi na zuba, 'yan acaɓa na yi mana tsiya. Na zaci ransa zai ɓaci. Sai na ji shi yana dariya, yana cewa, "Laifina ne, na sa mata zuciyar yarinya na bar ta da huhun tsohuwa." Ya nemo babban lagireto, ya sake fanka, ya kuma gyara birkin don ya dace da sabon ƙarfinta.

Kafinta ya buga sabon bodi, aka shafe ta da koren fenti kamar yadda take a da. A goshinta Orshi ya taɓa rubuta wasu kalmomi da harshen Tibi, "Aondo hemba". Mai fenti ya tambaya ko a goge a sa wani abu. Na'Allah ya ce, "Ma'anarsa Allah ne mafi girma. Abin da nake faɗa a kowace sallah ke nan. Mayar da shi yadda yake."

Kowa ya ɗauka zai sa mata direba ta riƙa kawo masa abin cefane a tsufansa. Ashe tun ana tsakiyar aiki ya riga ya kira Seember, babbar 'yar Orshi, wadda ke tuƙa motar ɗaukar ɗalibai a wata makaranta, ya ce ta je ta nemi lasisin babbar mota. Da mota ta kammala, shi ya zauna a gefenta a filin ƙwallo yana nuna mata yadda ake juya doguwar mota da baya, da yadda ake fita daga taɓo ba tare da an ƙona kulochi ba.

Ranar da suka kai motar gidan Mnena ina cikinta. Seember ce ke tuƙi. Mnena ta fito da zani a kafaɗa, ta tsaya cak, ta zagaya motar tana shafa katakon. Da Na'Allah ya miƙa mata makulli sai ta ja da baya.

"A'a, Baba Rahmat. Na ba ka ne. Ba na karɓa abin da na riga na bayar."

"Kin ba ni, na karɓa, na gode," in ji shi. "Yanzu tawa ce, ko ba haka ba? To, na ba Seember. Ki bar yarinya ta yi aikin ubanta."

Mnena ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zani. Seember ta durƙusa ta ce, "Baba, da me zan biya ka?"

"Ki riƙa duba mai da ruwa kowace safiya. Kuma idan tsohuwa ta tsayar da ke da ƙulli ɗaya na agushi, ki ɗauke ta. Haka ubanki yake yi."

A watan Agustan da ya wuce motar ta shiga ƙauyukan bayan Ashige, ruwa na tsakiyar zuba. Wani manomi da na haɗu da shi a kasuwar doya ya ba ni labari. Ya ce suna gona suka hango koriyar mota tana ratso taɓo, wata tsohuwa ta yar da fartanya ta ce Orshi ya dawo. Da suka ga 'yarsa ce a kan sitiyari, sai gari ya ɗauki sowa. A ranar sabuwar doyarsu ta kwana a Lafiya, kuma tun daga lokacin duk ranar kasuwa motar na hanya.

Malam Na'Allah, kai ne abokin da mutuwa ba ta raba shi da abota ba. Kai ne ka sayar da abin hawanka ka koma tafiya a ƙasa, don wata mota ta tashi ta ciyar da gidan da ba naka ba. Ka zauna a gaban wanda ka koyar ka ce masa ba ka sani ba, kuma girmanka bai ragu ba. Mun gani, mu maƙwabtanka, mun kuma shaida.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, ya ce, "To, ka sa sunan Huseina, ita ta yi haƙurin wurin shanya. Ka sa na Mahmuda. Kuma ka rubuta cewa birkin hannun nan har yanzu bai gamsar da ni ba, Seember ta kawo motar ranar Lahadi in duba." Ga shi na rubuta, Malam.

Mun gode. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri, ya saka wa Huseina da alheri. Ku kuma masu sana'ar hannu na garin nan, kanikawa da masu walda da kafintoci da teloli, kowannenku ya san wani gida da maigidan ya tafi ya bar abin neman abinci a kwance, injin niƙa ne ko keken ɗinki ko babur. Ku je ku duba shi a makon nan, ku tafi da kayan aikinku.