Tudun da na ɗora kan rijiya

Shekarun baya, lokacin ina da sauran ƙarfin ɗaukar shebur, jikana ya zo mana hutun lakwal, wato na makaranta, a unguwarmu Zariya. Shekarunsa goma sha biyu, ba ya rabuwa da keke. Wata rana ya nuna mini bidiyo a salula, yara suna gudu kan hanyar ƙasa mai tudu da kwari, ba su taka feda, jiki kawai suke dannawa keken yana tafiya.

Ya ce, "Tsoho, kai da kake cika bakin gini, ka iya wannan?"

Na ce, "Kai, tafi can. Na yi soro kafin a haifi ubanka."

Akwai fili bayan gidanmu, nan na fara. Na farko na yi su da tsini kamar kunyar dankali, yaron ya hau ya kusa karya haƙori, ya yi ta yi mini dariya. Daga baya na gane tudun sai ya kwanta kamar bayan ƙwarya, kwana kuma a ɗaga gefenta kamar cikin kasko. Jar ƙasa na sa, ina yayyafa ruwa ina daɓewa.

A kusurwar filin akwai tsohuwar rijiya da ta ƙafe. Ni da hannuna na rufe ta tun da daɗewa, da itace da tsohon kwano, na bi da ƙasa. Wurin ya riga ya yi tozo, sai na ga sauƙi, na ɗora babban tudun a kai.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ba rijiya ce nan ba? Kada ka kashe mini maigidana." Haka take kiran jikan.

Na ce, "Itacen ƙirya ne a ƙasa, ko raƙumi ya hau."

Ban tona na duba ba. Kuma kullum ni ke zuba wa wurin ruwa don ya daɓu, ga damina ta sauka.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, ina zaune ina kallonsa. Ya zagayo sau biyu. A na uku ya danna kan babban tudun, na ji wani ƙara kamar an taka busasshen kara, sai ƙura. Da ƙurar ta lafa babu tudu, babu yaro.

Na miƙe. Wallahi ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Sai na ji muryarsa can ƙasa, siririya: "Kaka! Kaka!" Bai taɓa kirana haka ba.

Keken ne ya gitta a cikin rijiyar, kamar tsawon gaba guda daga baki, shi kuma yana rataye da ƙarfen da hannu biyu. Ƙarƙashinsa duhu. Na matsa zan miƙa hannu, ƙasa ta zube daga ƙafata ta faɗa masa a fuska, keken ya motsa.

Ihun uwargida ya kawo maƙwabcina, mutumin Jiratawa, wanda ya saba da rijiyoyin lambu. Ya daka mini tsawa: "Baba, ja baya! Kai za ka binne shi!" Ya ciro ƙyauren zaure ya shimfiɗa, ya kwanta a kai rub da ciki, ya ce in riƙe ƙafafunsa. Ina riƙe ina jin yana cewa, "Kalle ni, kada ka kalli ƙasa. Saki hannu ɗaya kawai." Yaron yana cewa ba zai iya ba. Sau uku.

Da ya fizgo shi, keken ya sulale. Sai da muka ɗan jira kafin muka ji ya kai ƙasa.

Kafaɗar yaron ce ta goce, aka ɗora a garin Tibiri, ta warke. Rijiyar na cike ta da baro, kwana tara, ban bar kowa ya taya ni ba.

Yau ya zama saurayi, yana ba da labarin yana dariya. Ni ban taɓa iya dariyar ba. Abin da ke ci na shi ne na san rijiyar tana nan, an kuma tuna mini, amma kunyar a ga na rushe aikina ta fi mini nauyi.

Ubansa bai ce mini komai ba har yau. Yana gaishe ni, yana yi mini aike. Amma tun daga ranar bai sake turo mini ko ɗa ɗaya hutu ba, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba.