Zanen da Inna Zalika Ta Kaɗa wa Kanta

Da yawa daga cikin yaran da nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, suna tsammanin auduga baƙuwa ce a Gaya, wai Faransawa ne suka zo da ita tare da sikeli da manyan motoci. Wadda ta fi kowa iya gyara musu wannan kuskuren ta rasu ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba 1963, a gidan ɗanta Hamidu. Na Allah ne mu, Inna Zalika, kuma inda kika tafi nan za mu same ki.

Ke kika ba ni labari cewa kina ƙaramar yarinya mahara suka ɗauke ki a bakin rijiya, aka sayar da ke ga wani attajiri mai rinji a wajen Yelu. Rinji ƙauyen bayi ne a tsakiyar gonar ubangida. Maza suna noma gandunsa tun safe har azahar. Mata suna cirar auduga, su gurza ta, su shiɓe, su kaɗa. Jakuna su kwashi zaren zuwa kasuwar Jega. Da zaren nan ake sayo dawaki da gishiri da ƙarin bayi, sababbin bayin kuma su sare daji a ƙara faɗin gandu. Kika kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal, kika ce, "Mushe, na kaɗa zaren da zai tufatar da rabin garin nan, amma ko zane ɗaya ban taɓa ɗaurawa daga cikinsa ba."

Da bauta ta ƙare kika taho Gaya da mazarinki, kika yi aure, kika shuka audugar gargajiya a bayan ɗaki, irin wadda ke yin shekaru ba ta mutu ba. Babu amaryar unguwarmu da ba ta zauna a tabarmarki ta koyi kaɗi ba, kuma ba ki taɓa karɓar ko goro ba. Da matar Labo masaƙi ta haifi tagwaye, ke kika kai zaren majanyi, kika ce da shi, "Ka saƙa mai faɗi, Labo. Tun da ba ka iya yin abu ɗaya-ɗaya ba."

Buri ɗaya kika riƙe wa kanki: a rufe ki cikin likkafanin da audugarki ce, kaɗinki ne, ba kuma umarnin kowa. Ido ya yi rauni, yatsu sun sandare, aikin yana tafiya a hankali. Kina tarawa, Labo yana saƙawa.

Bara sai doka ta fito cewa a tumɓuke duk tsohuwar auduga saboda sabon irin da ake nomawa don sayarwa. Sumana, ma'aikacin gona, ya zo ya durƙusa a ƙofarki.

"Inna, tsutsa tana kwana cikin tsohuwar auduga, damina ta faɗi ta shiga gonakin mutane."

"Ɗana, tsutsar da ta tsufa a gidana ina ta san hanyar gona?"

"Ni ma aiko ni aka yi, Inna."

"Mai tsaron gandu ma haka yake ce mana."

Sumana ba mugu ba ne. Sai da ya tsince sauran audugar da ke jikin itatuwan ya zuba miki a ƙwarya, sannan ya sa gatari, bai ɗago kai ba har ya fita. Hamidu ya ce zai sayo farin yadi a kanti a ajiye. Kika ce ya bari tukuna. Da daminar nan ya ware miki kusurwa ɗaya a gonarsa, ya ce wannan ba za ta hau sikeli ba. Kika sa aka kai ki a kan jaki kika zuba iri da hannunki. Audugar ta fara fashewa a satin da kika kwanta.

Zane ɗaya rak aka samu gamamme. Matan da suka yi miki wanka suka sa shi daga ciki, shi ya taɓa jikinki, sauran kuwa yadin kanti ne. Abin da ke ci mini rai ke nan. Mun yi kiɗa da rawa don ƙasa ta sami ƴancin kanta, amma tsohuwar da ta san bauta a jikinta ba a iya bar mata ƴan itatuwanta ba har ta gama.

Allah ya jiƙan ki, Inna Zalika. Ya yalwata kabarinki, ya tufatar da ke da tufar Aljanna, ya haɗa ki da iyayen da aka raba ki da su. Ya ba Hamidu da ƴaƴansa haƙuri, tare da duk matan da suka koyi kaɗi a hannunki.

Ku kuma ƴaƴana na lakwal, audugarta tana nan fari fat a gonar Hamidu, ya ce duk mai so ya je ya cira. Ku kai wa tsohuwar gidanku, ku roƙe ta ta ɗora muku hannu a kan mazari. Zaren zai yi ta tsinkewa, kada ku ji kunya. Kuna ƙullawa, ku tambaye ta a hankali: zarenta na fari, wa ta kaɗa wa?