Baba Sabo da Gwangwanin Albarushi Na Biyu

Duk wanda ke bin layinmu na Utaibiyya, a nan Makka, bayan sallar asuba ya san Baba Sabo, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan siriri da ke fitowa da ledar alkama, ya tsaya bayan masallaci yana watsa wa tantabaru. Idan ya gama ba ya ratsa tsakiyarsu. Jikin bango yake bi ya zagaye, kamar mai wuce masu salla, don kada ko ɗaya ta firgita ta tashi saboda shi. Daga nan ya koma gida, matarsa Hala Mairama ta ba shi shayi da burodi, ya zauna a ƙofa har rana ta kore shi ciki.

To, wannan mutumin da ko tantabara ba ya iya kora, shi ne ya ƙare ƙarfinsa yana haɗa harsashin harbin ɓauna. Na daɗe da sanin haka, domin ni nake kai shi wurin aikin da motata. Sunana Hisham, maƙwabcinsa ne ni, direba, lokacin Hajji ina jan bas tsakanin Arfa da Muzdalifa. Amma har yau da nake rubuta masa wannan jinjina kaina bai gama ɗaukar al'amarinsa ba, kuma gara in faɗa tun yanzu kada mai karatu ya zaci zan warware masa komai.

Mutanen unguwa ma a ruɗe suke. Wasu na cewa maƙerin zinariya ne, don an taɓa ganinsa yana sayen ɗan ƙaramin sikeli. Wasu na cewa agogo yake gyarawa. Idan aka tambayi Hala Mairama sai ta ce aikin ƙarfe yake yi, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba ƙarya ta yi ba. An haifi Baba Sabo a Chadi, mahaifinsa mai gyaran bindigogin maharba ne, suka ratso Sudan suka iso Makka yana ƙarami. A nan ya koyi sassaƙa ƙarfe da inji a wata warsha, wato shagon aikin ƙarfe, kuma a warshar ne marigayi Alhaji Wada ya same shi.

Alhaji Wada ɗan kasuwa ne, Bahaushe haifaffen nan, wanda Allah ya jarabce shi da son farauta. Duk shekara yakan yi takardunsa ya tafi dajin arewacin Kamaru, inda hukuma ke ba da izinin harbin manyan namun daji. A can yana da mai bin sawu, wani saurayi Mahadi, wanda aikinsa shi ne ya shige gaba yana karanta ƙasa, maharbi na biye da shi. Wata shekara Alhaji ya harbi ɓauna bai kashe ta ba, ta juyo kansu. Ya ja bindiga zai sake harbi, kwanson harsashin farko ya maƙale ya ƙi fita, saboda an yi shi ne don ƙasa mai sanyi, zafin dajin ya sa ya kumbura a ciki. Kafin wani ya kawo ɗauki ɓaunar ta soke Mahadi a cinya. Ya rayu, amma har yau yana ɗingishi. Alhaji da bakinsa ya ba ni labarin, kuma duk lokacin da ya kai wurin maƙalewar nan sai ya kalli hannunsa.

Daga wannan tafiyar ne ya kawo wa Baba Sabo kwanson da ya maƙale, ya ce yana son harsashin da ba zai sake yi masa haka ba. Baba Sabo ya ɗauki kwanson wani babban harsashi na kamfani, ya sassaƙa ƙarafan matsa shi da hannunsa, ya rage masa wuya, ya sake masa kafaɗa, har ya fito da wani harsashi da babu kamfanin da ke yinsa a duniya. Aka kai bindigar waje aka yi mata sabon baki daidai da shi. Ya sha yi mini bayanin yadda faɗin ciki ke rage matsin wuta, ina gyaɗa kai, ina shiga mota in manta. Abin da na riƙe kawai shi ne bindigar Alhaji Wada ba ta cin harsashin kowa sai na Baba Sabo, kuma tun daga lokacin ba ta sake maƙalewa ba.

Ba a Makka yake aikin ba, wannan kam ko kusa. Alhaji yana da wata istiraha, wato gidan gona, a hanyar Jumum, wajen iyakar Harami, kuma a can bindigar da albarushin suke ajiye da izinin hukuma. Ranar aiki nakan ɗauki Baba Sabo da safe. Muddin muna cikin Harami ba ya maganar farauta, ko na tsokane shi sai ya tambaye ni lafiyar yara. Muna wuce Tan'im, inda iyakar take, sai bakinsa ya buɗe, ɓauna kaza, giwa kaza, har in gaji. Idan za mu dawo kuwa, sai ya cire rigar aiki ya rataye a can, ya kakkaɓe hularsa, sannan dab da alamar iyaka ya ce in tsaya. Ya fito da gorar ruwa ya wanke hannu har gwiwa, ya goge ƙarƙashin farce, don kada ƙwayar albarushi ko ɗaya ta bi shi cikin garin da aka hana farauta da ɗaukar makami. Na sha yi masa tsiya cewa alwalar tasa ba ta da niyya, shi kuma ya ce in ja mota.

A teburin aikinsa doka ɗaya ce ba ta da sassauci: gwangwanin albarushi ɗaya tak ake buɗewa. Akwai na babbar bindiga mai ci a hankali, akwai na bindigar tsuntsaye mai ci nan take, kuma in aka zuba na biyun a babban kwanso, bindigar a fuskar mai ita za ta tarwatse. Shi ya sa kafin ya sauko da wani gwangwani sai ya rufe na farko ya mayar da shi kabad. Alhaji Wada kansa ya taɓa shan faɗa don ya ɗauko ɗaya yana karanta rubutun jikinsa.

Wata rana na kasa haƙuri na tambaye shi yadda mai ciyar da tantabara yake kwana lafiya bayan ya haɗa abin kashe ɓauna. Ya ce shi bai taɓa harbin ko zomo ba. Ya ce masu zuwa farauta za su je ko da shi ko babu shi, abin da ya rage masa shi ne dabba ta mutu da wuri ba tare da wahala ba, wanda ke gaba kuma ya koma gidansa da ƙafafunsa. Na ce na gane, amma rabin ganewa ne. Har yanzu idan na gan shi yana zagaye tantabaru sai in tuna kan ɓaunar da ke rataye a istiraha, in rasa yadda zan haɗa su.

Bayan rasuwar Alhaji, ɗansa Nawaf ya gaji bindigar da son farautar. Magidanci ne, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa sai da ɗan tura. Bana ya shirya tafiya, Mahadi na can yana jiransa, kuma saura 'yan kwanaki ya tashi muka je istiraha don Baba Sabo ya cika masa akwatin harsashi. Na bar shi yana aiki na je na kwanta a inuwa. Da la'asar na leƙa, na same shi tsaye, akwatin a cike, harsasan na ƙyalli, shi kuma ya ƙura wa teburin ido. Gwangwani biyu ne a buɗe.

Ya tambaye ni ko na shigo ɗakin, na ce a'a. Ya tambaye ni ko wani ya shigo, na ce daga ni sai shi a gidan. Ya zauna a hankali ya ce to shi ya buɗe ke nan, kuma bai san lokacin da ya buɗe ba. Ni dai ban ga abin tashin hankali ba, na ce ya auna su a sikeli mana. Ya ce sikeli nauyi yake faɗa, ba ya faɗin wane albarushi ne a ciki. Nawaf ya iso ya tarar da shi yana zare kan harsasan ɗaya bayan ɗaya, yana zazzage cikinsu a faranti yana dubawa da gilashi. Har na ƙarshe ya buɗe. Dukansu albarushin daidai ne a ciki, babu ko ɗaya da aka yi wa kuskure.

Nawaf ya yi ajiyar zuciya ya yi dariya, ya kira shi Ammi, wato baffana da Larabci. "Halas, shi ke nan, ya Ammi, alhamdu lillahi. Babu komai. Mayar da su kawai."

"Ba zan mayar ba, ya waladi, ɗana. Na gama."

Ni da Nawaf muka kalli juna. Nawaf ya zaci gajiya ce, ya ce a bari sai gobe. Baba Sabo ya ce ba gobe ba jibi. Nawaf ya tuna masa cewa bindigar mahaifinsa ba ta cin harsashin kowa, idan ya janye hannu ta zama sanda. Ya ce ai yanzu a gabansu aka tabbatar bai yi kuskure ba. Ni ma na sa baki, na ce mantuwa ɗaya ce, kowa na yi, ni sau nawa nake neman makullin mota yana hannuna. Ya bar mu muka gama, sannan ya ce:

"Yau na ga gwangwanin. Ranar da zan buɗe in zuba in rufe in mayar, ba wanda zai gani. Kuma ranar ba ni ne a gaban ɓauna ba, Mahadi ne, da ƙafa ɗaya da rabi."

Nawaf ya fita cikin fushi, ya ɗaga tafiyar zuwa baɗi, ya yi makonni ba ya gaishe shi. Ni kuma a mota na ci gaba da mita, domin gaskiya abin ya ɗaure mini kai kuma ya ba ni haushi. Mutum ya yi aiki daidai, an bincika an ga daidai ne, sannan ya kori kansa. Ban taɓa ganin irin wannan ba. Shi dai da muka zo iyaka ya sauka ya wanke hannunsa kamar kullum.

Nawaf ne ya fara saukowa. Ya zo gidan Baba Sabo da kansa, ya zauna a ƙasa, ya roƙi a koya masa. Yanzu shi ke zama a teburin, Baba Sabo na bayansa a kujera, hannuwansa a cinya, ba ya taɓa komai, yana faɗa masa abin da zai yi. Mahadi ya aiko da saƙon murya da ya ji labari, bai yi dogon zance ba, ya ce a gaida Baba, a ce masa 'ya'yan Mahadi suna yi masa addu'a.

Baba Sabo, kai ne ka ƙera abin da babu irinsa, ba ka sa masa sunanka ba. Kai ne ka tsare ran mutumin da ba ka taɓa gani da ido ba, daga ɗaki ɗaya a hanyar Jumum. Da aikin ya fi ƙarfin amanarka kuma, ba ka jira an faɗa maka ba. Na yi maka gardama a ranar, kuma ko yanzu ba zan ce na fahimci komai naka ba, amma ina ƙaunarka, ina kuma jin nauyinka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya. Ga sauranmu masu riƙe da ran mutane a hannu, direban bas irina, da mai allura, da mai haɗa wayar wuta, mu dubi wannan dattijo. Mu riƙa duba teburinmu da kanmu, tun kafin wani ya ji ciwo.

Makon jiya muna dawowa daga istiraha, ya juyo ya dube ni ya ce, "Hisham, daga ina muke?" Na faɗa masa. Ya ce to, madalla. Na riƙe sitiyari da kyau saboda idona ya cika da hawaye, a lokacin ne na gane abin da ya gani a gwangwanin nan tun watanni kafin mu. Da muka kusa alamar iyaka ban rage gudu ba, tunda ranar ko albarushi bai taɓa ba. Sai na ji hannunsa a kafaɗata.

"Tsaya, ɗana. Makka za mu shiga."

Na tsaya. Ya sauka da gorarsa, ya wanke hannu har gwiwa.