Ɓarawon ciyawar Kawu

Har yanzu mamaki bai sake ni ba.

Ɗazu da hantsi na tarar da Kawuna a gonarsa ta bakin ruwa a Warra, yana nuna Jauro makiyayi da yatsa. Ciyawar da ya killace wa tumakinsa ta lalace, ya rantse shanun Jauro ne. Har ya ce bana kada garken Jauro ya sauka gonar bayan girbi, abin da suka gada tun iyaye.

Jauro ya tsuguna ya ja ciyawar, sai ta taso ba saiwa. A gindinta ga 'yar tsutsa cikin saƙa kamar yanar gizo. Abin da na ɗauka ƙaiƙayi ne a jikin ganye kuma ya tashi sama. Ashe ƙananan faɗa-wuta ne masu naɗe fiffike, iyayen tsutsar.

Jauro ya ce wa Kawu, "Malam, saniya ta sama take ci. Wannan ta ƙasa aka ci ta."

Kawu ya dubi tsutsar, ya ce, "Yaushe za ka kawo shanun?"

Ƙwaron da bai kai tsinke ba ya kusa raba gida biyu. Ku me kuke kiransa a wajenku?